Ranar Da Asirin Bankunan Najeriya Ya Tonu

 Yau zan maida ku 2004, lokacin da gwamnan Babban Bankin Najeriya, Charles Soludo, ya ce kowane banki sai ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka haɗe suka koma 25. Kuɗi ya taru, rassa suka cika gari, kowa na rububin sayen hannun jari.

To amma akwai jarin da ba a auna ba. Banki ba kuɗi ba ne kawai. Akwai ƙwarewar ma'aikata, da tsarin tantance mai neman bashi, da amanar masu ajiya. Wannan shi ake kira jarin basira, kuma bayyana shi a rahoton shekara ganin dama ne. Kun san halin ɗan kasuwa, abin da zai ƙawata shi yake bajewa, sauran ya rufe.

Ana haka wasu bankuna suka riƙa ba da bashi ana sayen hannun jari da shi, shugabanni na ba kamfanoninsu rance, kwamitin daraktocin da ya kamata ya tsawata ya yi gum. Da kasuwar hannun jari ta faɗi a 2008, sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ranar 14 ga Agusta 2009, sabon gwamna Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank, aka zuba musu naira biliyan 420. A Oktoba aka ƙara sauke na wasu uku. A laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero a 2010, cikin dalilan da ya lissafa har da raunin shugabanci da ɓoye bayanai.

Daga nan aka gyara wasu abubuwa. Duk bankuna suka koma rufe lissafi ranar 31 ga Disamba, a 2010 aka ƙayyade cewa shugaban banki ba zai wuce shekara 10 ba, aka kafa AMCON ta sayi basussukan da suka maƙale.

Ni dai a ganina, idan rahoton banki ya zo hannunka, kada ka tsaya kan riba. Duba su wa ke kwamitin daraktoci, nawa aka ranta wa na cikin gida, kuma me bankin ya faɗa da kansa ba tare da an tilasta shi ba. Kuɗinka ne a ciki.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.