Tarihinmu: Zalika Souley da matan da suka ajiye silima



Ran Juma'ar da ta wuce muna cikin shiri a radiyo, wata baiwar Allah ta kira. Ta ce ta ji labarin wata ƴar fim ɗin Hausa da ta bar wasa ta koma islamiyya, sai ta tambaye ni: "Malam, wannan tuba ce ko gajiya?" Lokaci ya ƙure ban ba ta amsa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuto nan, don maganar tana da tarihi, kuma tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Mu fara da Masar, uwar silimar Larabawa. A 1982 Shams al-Baroudi, wadda hotonta ya cika gidajen kallo na Alƙahira, ta tafi Umra. Da ta dawo ta ce ta gama da fim, ta sa hijabi, ba ta sake komawa ba. Shadia, mawaƙiya kuma ƴar wasa, ita ma ta janye bayan fim ɗinta na 1984, ta zauna kan ibada da sadaka har rasuwarta a 2017. Ku masu son fim ɗin Indiya kuma kun san Zaira Wasim, yarinyar Kashmir da ta fito a Dangal tare da Aamir Khan a 2016. Ranar 30 ga Yunin 2019 ta rubuta a Facebook cewa ta bar sana'ar, don tana shiga tsakaninta da imaninta. Lokacin shekarunta 18.

Ku lura da abu guda: duka ukun sun tafi ne kasuwarsu tana ci. Ana nemansu, akwai kuɗi, suka ce a'a.

To mu dawo Yamai. An haifi Zalika Souley a garin nan a 1947. Tana da shekara 19 Moustapha Alassane ya sa ta cikin Le Retour d'un aventurier, a 1966, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa. Ku duba zamanin, shekara 6 kacal da samun ƴancin kai, gadar Kennedy ma ba a gina ta ba, sai 1970. Mai zuwa Harobanda sai ya shiga jirgin ruwa. A wannan Yamai ɗin ne budurwa ta tsaya gaban kamara cikin gungun maza. Ana lissafa ta cikin matan farko a Afirka baƙar fata da suka riƙi wasan silima sana'a.

Daga nan Oumarou Ganda ya ɗauke ta. Ta fito a Cabascabo, ta fito a Saïtane, amma wanda ya fi tashe shi ne Le Wazzou polygame. Wani Alhaji ya dawo daga Makka zai ƙara ta uku, Zalika ce kishiyar da kishi ya kai ta ga kisan kai. Fim ɗin nan shi ya ci kyautar Étalon de Yennenga ta farko a FESPACO, a Wagadugu, a 1972. Sunan Nijar ya ɗaukaka. Ita kuwa me ta samu a titi? Mutane da yawa ba su raba wasa da gaskiya ba. Mai mugun hali a allo, a ganinsu, mai mugun hali ce a gida. Ga shi tana sa wando a zamanin da ake ganin abin kunya ne ga ɗiya mace. Ta sha zagi, ta sha nuni da baki.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, shi ne mai sunan CCOG da muke zuwa kallon wasa. Bayansa silimar Nijar ta fara ja da baya. Kuɗin yin fim ya ƙafe, bidiyo ya shigo gidaje, gidajen kallo suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Zalika ta yi ƴan finafinai a farkon shekarun 1980, cikinsu har da Aube noire na Djingarey Maïga, sannan shiru.

Da Rahmatou Keïta ta tashi yin fim kan rayuwarta, mai suna Al'lèèssi, wato ƙaddara, ta tarar da ita a gida mai ɗaki biyu tare da ƴaƴanta, ko famfo babu. Daga baya ma sai da ta fita ƙasar waje aikatau. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na Faransa, duniya ta ga yadda muka riƙe tauraruwarmu. Allah ya yi mata rasuwa ranar 27 ga Yulin 2021.

Kun ga bambancin? Su Shams su suka bar silima. Zalika kuwa silima ce ta bar ta, mu ma muka bar ta.

Saboda haka, ƴar uwa mai tambaya, tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa take, ni da ke ba mu da mabuɗin zuciyar kowa. Wadda ta ce ta ajiye fim don Allah, mu yarda da ita, mu yi mata addu'ar dacewa. Amma akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Tana wasa mun kira ta ƴar iska. Ta bari mun yi ta kabbara a WhatsApp kwana biyu, muka wuce. Wa ya tambayi kuɗin hayarta? Wa ya ba ta jari, ko keken ɗinki? Wane namiji cikin masu kabbarar zai yarda ɗansa ya aure ta? In yunwa ta maido ta gaban kamara, mu ne na farko da za mu ce dama ƙarya take. Ai ba a cewa mutum ya sauko daga itace sannan a janye tsani.

Matasanmu na jami'ar Abdou Moumouni, ku nemi finafinan nan ku kalla, ku san sunanta. Allah ya jiƙan Zalika Souley, ya sa Aljanna ce makomarta, mu kuma ya kyauta namu ƙarshe. Amin.