Daga Kumasi zuwa Libiya: ina Kurfai ke kai ƙarfin 'ya'yanta?

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina ya same ni a gida da yamma, riƙe da takardar neman aiki, yana so in duba masa Faransancinta. Wannan ce ta shida da ya rubuta tun da ya gama lise. Da na gama gyarawa sai ya ce, "Malam, in wannan ma ba ta yi ba, Libiya zan tafi." Ban iya ce masa komai ba, don kakana ma haka ya bar Filinge yana saurayi, sai dai shi kudu ya nufa, kuma a ƙasa.

Biɗa ba sabon abu ba ce a Kurfai. Da Faransawa suka kafa mulkinsu a farkon ƙarni na 20, sun ɗora wa kowa lanho, wato harajin kai, kuma da kuɗi ake biya. Manomin Dallol Boso yana da gero da wake da dabbobi, amma kuɗi ba su yawo a hannunsa. Ga aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Ga yunwar 1931 da ta biyo bayan fara a yammacin Nijar. Sai samari suka kama hanyar Gwalkwas, Gana ta yau, suna dako a kasuwar Kumasi, suna ƙwadago a gonakin koko da ramukan zinariya. Su tafi bayan girbi, su dawo kafin shuka da kuɗin lanho da turmin atamfa. Har 'yan Hauka, waɗanda suka ɓulla a Shikal wajen 1925, sun bi wannan hanya, shi ya sa a Akara Jean Rouch ya ɗauke su a fim, ba a nan ba.

Abin da tarihin ya nuna shi ne abincin wani gari ba ya da tabbas. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana. A 1983 Nijeriya ta yi irin haka a zamanin Shagari. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubban 'yan Nijar, da yawa hannu wofi. Duk lokacin da ƙofa ɗaya ta rufe, sai mu nemi wata, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi abin da ke cikin gidanmu ba.

Makarantar boko ta buɗe hanya ta biyu, ita ma mai fita daga gari. Seyni Kountché, haifaffen Fandu, a Filinge ya fara karatu, kuma ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa 1987. A zamaninsa kuɗin uraniyom sun sa mai takarda ba ya daɗewa bai samu aikin gwamnati ba. Iyayenmu suka riƙe wannan a zuciya: a yi karatu, a tafi Yamai, a ci albashi. Amma tun ƙarshen shekarun 1990 yawancin malaman da ake ɗauka 'yan kwantiragi ne, kuma masu neman gurbi sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Mu dai har yanzu tsohon alkawarin muke maimaita wa yara.

To, shin Kurfai ba ta da abin yi ne? A je Tukunus, kimanin kilomita 20 arewa da Filinge. Tun 1954 ake zaɓen irin shanun Azawak a tashar kiwon da ke can, shanun da suka yi suna wajen ba da nono a duk faɗin Sahel. Matan yankin sun ƙware a cuku, wanda ke jure zafi da tafiya. Duk da haka, yawancin yogot ɗin da ake sha a Yamai da garin madarar da aka shigo da shi daga waje ake yin sa. Ran Lahadi kuma a kasuwar Balleyara muna kallo ana lodin shanu da tumaki da ransu. Jima da dukanci da sarrafa nama, duk wasu ne ke cin ribarsu. Haka waken da muke nomawa: a buhu yake fita.

Ban ce abin mai sauƙi ba ne. Rashin tsaro ya takura kasuwannin arewa, kuma hana hawan babur da aka yi a sassa da dama na jihar Tilaberi a farkon 2020 ya raba 'yan kabu-kabu da abincinsu. Nono kuma yana son wuta da firji da hanya mai kyau. Amma akwai abin da ke hannunmu. Mu malamai, sau nawa muka kai 'yan aji su ga yadda ake tatsa da yin cuku, ko muka sa su lissafa ribar kiwon rago ɗaya daga saye har Babbar Salla? Ku iyaye, don me yaron da ya shiga cibiyar koyon sana'a ake kallonsa kamar wanda ya fāɗi?

Ɗalibina ya kai takardarsa, yana jiran amsa. Na roƙe shi, kafin ya sayar da akuyar uwarsa don kuɗin mota, mu je Tukunus tare ran Asabar. Ya ce zai yi shawara da babansa.