Amanar da Aka Gina Furamare a Kanta

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan shi ya sa na ga ya dace in ɗan waiwayi tarihin makarantar furamare a yankinmu na Talatar Mafara da Bakura da Maradun, don mu ga irin ɗabi'un da aka gina ta a kansu.

Tun kafin zuwan Turawa a 1903, garuruwan nan suna da makarantun allo. A nan uba kan kai ɗansa ya damƙa wa malam amana, a koya masa karatu haɗe da ladabi da biyayya. Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, aka bi baya da elementare a larduna, sai iyaye suka ƙi. Gundumomin nan uku suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato a lokacin, saboda haka hakimai da dagatai aka ɗora wa aikin nemo yara. Dattawa sun shaida mini cewa har ɓoye yaro akan yi a rumbu, ko a tura ɗan bara a madadinsa.

To, me ya kawar da wannan tsoro? A ganina, elementare ta samu shiga ne domin ta ari halin makarantar allo. Da Hausa ake koyarwa, ga darasin addini, ga gonar makaranta, ga duba farce da haƙora kowace safiya. Littattafai irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, hikayoyi ne masu horo a kan gaskiya da haƙuri. Malamin makaranta kuwa uba ne a gari, shi ke karanta wa jama'a wasiƙa. Kada mu manta, Sardauna Ahmadu Bello da Alhaji Shehu Shagari duk da alli suka fara.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin ilmin furamare kyauta ga kowa. Makarantu suka shiga ƙauyuka, 'ya'yan talakawa suka samu abin da iyayensu suka rasa. Amma an horar da malamai cikin gaggawa, aji ya cika ya batse, har ya zamana malam bai san sunan uban kowane yaro ba. A 1999, shekara uku bayan an yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, aka sake ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a birnin Sakkwato. An ƙara gine-gine, sai dai tarbiyya ba da bulo ake yin ta ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 2021. A watan Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga sakandaren Jangebe, a Agusta suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a Satumba kuma suka ɗauki ɗalibai 73 a Ƙaya ta Maradun. Gwamnati ta rufe makarantun jihar na wani lokaci, har da furamare. Tsoron da kakanninmu suka yi, na a raba su da 'ya'yansu, ya dawo ta wata ƙofa.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu aji za mu koma bayan mun gama jami'a. Tarihin nan ya nuna cewa uba ba ya sakin ɗansa sai ga wanda ya amince da shi. Wajibi ne hukuma ta tsare rayukan yara, mu kuma mu zama irin malaman da za a iya damƙa wa amana. Allah Ya sa mu dace.