Daga Ragunan Faris zuwa Gashi Sau Biyar

A shekarun 1920, a birnin Faris, likita Claudius Regaud ya tasa raguna a gaba yana haska marainansu da hasken eksire. Ya zaɓi wurin ne domin ƙwayoyin maniyyi suna hayayyafa da sauri, tamkar na cutar daji. In ya zuba hasken a tashi ɗaya, fata kan ƙone ta zama gyambo. In ya raba shi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, ragon ya daina haihuwa, fatarsa kuma lafiya lau. Abokin aikinsa Henri Coutard ya gwada dabarar a kan masu sankarar maƙogwaro, aka kuwa dace.

Daga nan al'adar ta kafu: gashi da hasken, ɗan kaɗan kullum, Litinin zuwa Juma'a. Mai sankarar furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, sai ya shafe mako bakwai zuwa takwas yana zarya asibiti.

A 1999 David Brenner da Eric Hall na Jami'ar Columbia suka yi lissafin da ya girgiza wannan al'ada. Sankarar furostet mai tafiyar hawainiya ce, kuma lissafin ya nuna gashi mai ƙarfi a zama kaɗan ya fi yi mata illa. Likitocin Birtaniya ba su tsaya ga takarda ba. A gwajin CHHiP, ƙarƙashin David Dearnaley, sun bi maza 3,216, suka fitar da sakamako a 2016: bayan shekara biyar, cutar ba ta dawo ba a kashi 90.6 cikin ɗari na masu zama 20, da kashi 88.3 na masu zama 37. Suwidin da Denmak suka sauko zuwa zama bakwai a 2019. Gwajin PACE-B ya tabbatar da biyar a 2024, ga waɗanda cutarsu ba ta yi nisa ba.

Gajeriyar hanya na da nata wahalar. Gudawa da zafin fitsari kan zo da wuri, zama biyar kuma sai da injin da ke auna furostet daidai a kowace rana, don dubura na manne da shi.

Duk da haka, a tambayi dattijon da ya baro garinsu ya kama ɗaki a Abuja don gashi, ɗansa ya rufe shago yana jinyarsa. Zama 17 da aka rage masa, daga 37 zuwa 20, kuɗin haya ne na fiye da mako uku, kuma na bayansa a layi ya samu shiga da wuri.