DAGA KOTUN ALƘALI ZUWA SHARI'AR AMINA LAWAL: ABIN DA ƊALIBIN LAUYA ZAI YI DA DOGON HUTU

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman masu karatun lauya. Dogon hutu ya matso, kowa yana neman ofishin babban lauya a Legas ko Abuja inda ake harkar kamfanonin mai da bankuna. Ba laifi ba ne. Amma akwai wani fage da muka bar wa wasu, wato kare wanda ake tuhuma da laifi, da shari'o'in mata da suka shafi ciki da haihuwa. Bari in ɗan kawo tarihinsa, sai kowa ya yanke wa kansa.

Da yawanmu ba su san cewa a da doka ta hana lauya tsayawa a kotun alƙali ba. Dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta fito ne daga shawarar kwamitin masana na 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, kuma dokar tsarin shari'a da ta zo tare da ita, a sashe na 390, ta ce lauya ba zai wakilci kowa a kotunan gargajiya ba. Nan kuwa ake gurfanar da mafi yawan talakawa. Mutum zai tsaya shi kaɗai, daga shi sai bakinsa. A 1976 gwamnatin soja ta kafa Legal Aid Council don bai wa marasa hali lauya kyauta, bayan fafutukar Chimezie Ikeazor da abokansa. Sai a 1982, a shari'ar Uzodinma da Kwamishinan 'Yan Sanda, kotu ta ce wancan hanin ya saɓa wa tsarin mulkin 1979.

To amma samun dama daban, samun lauya daban. An ga haka bayan Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Oktoban 1999, sauran jihohi suka bi. A Oktoban 2001 kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin jefewa, hujjar ita ce ta yi ciki alhali bazawara ce. Kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta sallame ta a Maris 2002, cikin dalilan har da cewa abin da ake zargi ya faru kafin dokar ta fara aiki, kuma ba a hukunta mutum da dokar da ta zo daga baya.

A cikin watan nan na Maris ne kotun Bakori a Katsina ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukuncin. Ba ta da lauya a zaman farko. Mutumin da ta ambata ya musanta, ya rantse, aka sake shi. Aka ɗaukaka ƙara zuwa Funtuwa, a Agustan 2002 aka tabbatar da hukuncin. Sai ranar 25 ga Satumba, 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta, alƙalai huɗu cikin biyar.

Nan nake so mu tsaya. Duniya ta yi ta surutu, takardun koke suna ta yawo a intanet, har ƙungiyar BAOBAB ta fito a 2003 ta roƙi a dakata da su, don wasu cike suke da kuskure kuma suna iya jawo wa Amina matsala. Abin da ya fitar da ita a cikin ɗakin kotu aka yi shi. Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da sauran lauyoyin, da tallafin WRAPA, sun buɗe littattafan Malikiyya ne. Suka nuna cewa alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mutum biyu, cewa mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, kuma cikin bazawara ana iya jingina shi ga tsohon mijinta har shekara biyar, abin da iyayenmu mata suke kira kwantacce. Wallahi duk lokacin da na karanta hukuncin nan sai in ga aiki ne da sai wanda ya haɗa allo da boko zai iya. Mu ke nan fa, in mun so.

Na san wasu da jin an ce haƙƙin haihuwa sai su ce zubar da ciki ake nufi, su juya baya. Dokar ƙasa a fili take: sashe na 232 na Penal Code ya haramta shi sai don ceton ran uwa. Fagen ya fi nan faɗi. Akwai yarinyar da aka yi wa fyaɗe ta koma ita ce abar tuhuma, da matar da aka tsare a asibiti bayan haihuwa don ba ta biya kuɗi ba, da mai jego a gidan yari, da mai yoyon fitsari da miji ya kora ba ko sisin ciyarwa.

Ɗalibi ba zai tsaya gaban alƙali ba sai an rantsar da shi lauya, wannan gaskiya ne. Amma tun da aka kafa NULAI a 2003, jami'o'i suka fara buɗe asibitin shari'a, inda ɗalibai ke sauraron masu matsala ƙarƙashin kulawar malamai. Maiduguri na cikin na farko, Ibadan kuma ta buɗe na mata a 2007. Legal Aid Council na da ofis a kowace jiha, FIDA ma na da rassa. Rubuta takarda, ka haɗa da wasiƙar sashenku, ka kai da ƙafarka tun kafin a fara jarrabawa. Yawanci ba a biya, sai ka tanadi kuɗin mota.

Wanda kuma ba zai je gida ba, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke. A Agodi da Ikoyi da Kirikiri akwai 'yan acaba da masu gadi da 'yan dako daga Arewa da ba sa jin Turanci ko Yarbanci, ana ta ɗage shari'arsu don babu tafinta, duk da sashe na 36 na tsarin mulki ya ce a ba su kyauta. Lauyan da aka ba su ma sau da yawa ba ya iya jin ta bakinsu. Ɗalibin aji uku mai jin Hausa zai iya zama da su ya rubuta bayanin, ya nemo lambar fayil, ya kira dangi a waya su zo beli.