Daga 'Yar Tsana Zuwa 'Yar Dabo: Tarihin Wasan Ƙyalle a Ƙasar Rano da Matsayinsa a Makarantun Firamare

Duk wanda ya san tarihin Hausa Bakwai ya san cewa a cikin labarin Bayajida, lokacin da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano su ne aka ba sarautar baba, wato rini da abin da ya danganci tufafi, kamar yadda aka ba Katsina da Daura kasuwa, aka ba Gobir yaƙi. Ko da mutum bai ɗauki wannan labari a matsayin tabbataccen tarihi ba, rabon ya dace da abin da aka gani da ido daga baya. Kudancin ƙasar Kano, daga Kura zuwa Bunkure har Rano da Kibiya, yanki ne na auduga da baba, na masaƙa da marina da mabuga. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a shekarar 1851, ya yi mamakin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, kuma Philip Shea, a binciken da ya kammala a 1975 kan sana'ar rini a ƙasar Kano cikin ƙarni na 19, ya nuna cewa babban kaso na wannan aiki a garuruwan karkara ake yin sa, ba a cikin birni kaɗai ba.

Abin da masu rubuta tarihi ba su cika waiwaya ba shi ne inda guntayen wannan sana'a suke ƙarewa. Inda duk ake saƙa da ɗinki, dole a sami ƙyalle da tsumma da guntun zare, su kuwa waɗannan a hannun yara suke faɗawa. Wannan maƙala za ta bi sawun ƙyallen ne, daga 'yar tsanar da 'yan mata ke goyawa, zuwa 'yar dabon da ake zura wa hannu ta yi magana, har zuwa ajin firamare inda yau ake neman malami ya koya wa yaro yadda zai tsara irin wannan abin wasa da kansa.

'Yar tsana a gidan Bahaushe

A da, ba a sayen 'yar tsana a kasuwa, yi ake yi. Wata da karan dawa ake yin ta, wata da totuwar masara, wata da yumɓu, amma wadda ta fi daraja a wurin 'yan mata ita ce ta ƙashi, musamman ƙashin ƙafar dabba da ake samu bayan layya, domin ba ta karyewa kuma tana daɗa sheƙi idan ta sha hannu. Sai a nemo baƙin zare a yi mata gashi har a kitse shi, a ɗaura mata zane da kallabi, a zuba mata 'yan duwatsu a wuya da ƙugu. Galibi ba a yi mata ido ko hanci ko baki. Tufarta da kitsonta su ne ke nuna ko amarya ce, ko uwargida, ko jaririya.

Wanda ya ɗauki wannan a matsayin shiririta bai lura da kyau ba. Yarinyar da za ta aurar da 'yar tsanarta sai ta yi kwanaki tana shiri. Za ta je wurin kakarta mai kaɗi ta roƙi abawa, ta bi ƙofar maɗinki ta tsinci ƙyalle, ta ware wanda zai zama zanen amarya da wanda zai zama na lefe, ta tara gwangwanaye da kwalin ashana a matsayin kayan ɗaki, sannan ta sanya rana ta gayyaci ƙawaye a dafa tuwon ƙasa. Idan ƙyallen bai isa ba, dole ta sake lissafi. A nan take fara koyon awo da zaɓen launi da riƙe allura, kuma a nan take koyon tsarin biki da suna tun kafin a fara aikenta gidan biki. Su ma yara maza suna da nasu, dokin kara da motar kara da shanun laka, sai dai nasu ya fi karkata ga sassaƙa da gini fiye da ɗinki, duk da cewa a ƙasar Hausa ɗinkin riga da hula da saƙar ɗan ƙaramin masaƙi sana'o'in maza ne tun asali.

Akwai kuma tashe, wanda yara ke farawa daga goma ga watan azumi. A wasanni irin su Jatau Mai Magani da Tsoho da Gemu da Danda Dokin Kara, yaro ne da kansa yake zama abin wasan: a yi masa gemu da auduga, a cusa masa tsumma a ciki ya zama mai tumbi, a ɗaura masa rawani da tsohon zane. Hikimar da ke cikin wannan ita ce ta fito da halin mutum ta hanyar sutura kawai, ta yadda da an hango shi za a ce ga malam, ga boka, ga gwauro. Wannan hikimar ce ake bukata wajen tsara 'yar dabo.

Dabo-dabo

'Yar tsanar da ake zura hannu a cikinta a motsa ta ba baƙuwa ba ce a wannan yanki namu, ko da yake mutane da yawa a talabijin suka fara ganinta. Tun a shekarar 1910 wani Bature mai suna D. Alexander ya rubuta ɗan bayani a mujallar Man ta Ingila kan wani wasa da ya gani a Barno, wanda ya rubuta sunansa da Dubbo-Dubbo, ya kuma kwatanta shi da wasan Punch and Judy na ƙasarsu. A 1935 R. E. Ellison ya sake bayyana irin wannan wasa na Barno a mujallar Nigerian Field. Sunan kansa yana nuna dangantakarsa da kalmar dabo, wato rufa-ido, kuma a cikin Hausawan Nijar ana kiran waɗannan 'yan tsana ɗiyan dabo.

Yadda ake wasan yana da ban sha'awa saboda sauƙinsa. Mai wasan ba ya bukatar dandamali. Babbar rigarsa ce yake kafawa da sanda ta zama kamar 'yar rumfa, ya shige ƙarƙashi ya ɓuya, sannan ya riƙa fito da 'yan dabon ta sama, ɗaya a kowane hannu. A bakinsa akwai wani ɗan abu da ake yi da ɓawon ƙwan jimina, wanda ke sa muryarsa ta fita siririya kamar ba ta mutum ba. 'Yan dabon kuwa da ƙyalle da fata ake yin su, kowanne da suturar da ke nuna matsayinsa, labaran kuma na zaman duniya ne da barkwanci. Da yake manya ne ke yin sa don neman abinci a kasuwa da wuraren taro, kuma an haɗa shi da 'yan dabo masu rufa-ido, wasan bai sami mutunci a idon malamai ba, ya kuma yi ta ja baya. Idan aka kwatanta da Kwagh-hir na Tibi, wanda Hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2019, za a ga irin asarar da aka yi.

Batun sura

Ba zai yiwu a yi wannan magana a ƙasar Kano ba tare da an taɓo hukuncin surori ba, domin shi ne abu na farko da uba zai tambayi malami idan ɗansa ya koma gida da 'yar dabo. Damuwar ba ta wasa ba ce. Ko a shekarar 2021 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta hana teloli da masu shaguna amfani da gumakan tallar tufafi. Amma malaman fiƙihu tun da daɗewa sun ware abin wasan yara daga wannan hani. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa a cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai na ƙyalle. Haka kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin yadda suke yi wa yaransu abin wasa da ulu don su shagala da shi ranar azumin Ashura har lokacin buɗa baki. Alƙali Iyal, babban malamin Malikiyya, yana cikin waɗanda suka kafa hujja da hadisin Nana A'isha kan halaccin 'yar tsana ga yara mata, saboda tana horar da su kan reno da kula da gida. Malamin da ya san wannan zai iya yi wa iyaye bayani cikin natsuwa. Idan kuma har yanzu akwai mai jin nauyi, to ga hanyar kakanninmu nan a buɗe: a bar fuskar ba ido ba hanci, sutura ta yi magana.

Aikin hannu a makarantar boko

Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu, kuma daga nan darasin aikin hannu ya zauna a jadawalin makarantun elementare. Dattawan da suka yi karatu kafin shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 za su tuna ana sa su tufkar igiya da saƙar faifai da ginin tukunya. Bayan da ɗalibai suka yi yawa, kayan aiki suka yi ƙaranci, sai darasin ya lalace a wurare da dama, ya koma yaro ya kawo tsintsiya daga gida, ko ma ya kawo kuɗi a ba shi maki. A daidai wannan zamani ne kuma marina suka yi ta mutuwa, masaƙun zamani na Kano da Kaduna suka durƙushe, 'yar tsanar roba mai jan gashi ta cika kasuwa. Ita wannan ta roba a shirye take zuwa, da rigarta da fuskarta, ba ta bar wa yarinya komai da za ta tsara ba. A ganina wannan ita ce babbar illarta, fiye da batun kamanninta na Turawa da aka fi yawan kuka da shi.

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta yanzu ta tanadi darasin al'adu da fasahar ƙirƙira tun daga firamare, kuma shirin Sesame Square da aka fara nunawa a talabijin na ƙasa a 2011, da 'yan dabonsa Kami da Zobi, ya nuna yadda yara ke sauraron darasi idan ya fito daga bakin 'yar tsana. Saboda haka malamin Rano ko Kibiya ko Rurum yana da hurumin yin wannan aiki, kuma kayan aikinsa suna zube a ƙofar kowane tela.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da almakashi. Mai ɗinkin babbar riga ba ya soka allura sai an zana masa aska biyu ko aska takwas a jikin ƙyallen tukuna, haka ma mai ɗinkin hula. To yaro ma haka ya kamata a bi da shi. A fara da tatsuniya wadda kowa ya sani, ta Gizo da Ƙoƙi ko ta Kura da Ɗan'akuya, kowane yaro ya zaɓi wanda zai yi, sannan a tambaye shi halin wannan da ya zaɓa. Idan ya ce Gizo mai wayo ne, Kura mai kwaɗayi ce, sai a sake tambayarsa ta yaya mai kallo daga bayan aji zai gane haka. A nan ne gardama mai amfani ke tashi tsakanin yara: wannan ya ce a yi wa Kura babban baki, wancan ya ce a nemo ƙyalle mai ɗigo-ɗigo, wani ya ce Sarki sai da rawani mai kunne biyu. Malami ya bar su su yi ta, kada ya yanke musu hukunci da wuri.

Bayan haka sai awo. Yaro ya ɗora hannunsa a kan takarda, manuniya a miƙe domin ita ce za ta shiga kai, babban yatsa da na tsakiya a buɗe domin su ne hannuwa, abokinsa ya zagaye masa da fensir. Sai a ƙara faɗin yatsa biyu a kewaye saboda ɗinki, a kuma ja tsawon ya wuce wuyan hannu yadda zai rufe shi. Yaran da suka manta da wannan ƙarin za su ga hannunsu ya ƙi shiga, kuma gara su gano haka a takarda, ta hanyar manna biyu su gwada, da su gano bayan an ɓata ƙyalle. A jikin zanen ne yaro zai nuna inda kowane launi zai zauna, ya lissafa abin da yake bukata: ƙyalle biyu na jiki, auduga ko tsumma na cusa kai, zare na gashi ko gemu. Wannan lissafin shi zai kai gida ko wurin tela.

'Yan aji ɗaya zuwa uku su tsaya a zane da zaɓen ƙyalle da gwaji, a bar yanka da ɗinki ga 'yan aji biyar da shida ko ga malami, a kuma guji maɓalli da ƙananan duwatsu ga wanda ke da ƙanne masu rarrafe a gida, domin abin wasan gida zai koma. Inda aka sami tsohuwa mai kaɗi ko tsohon masaƙi a unguwa, yana da kyau a gayyato su aji su nuna wa yara bambancin saƙi da fari da gwado da turkuɗi, su faɗi wanda sarki ke sawa da wanda manomi ke sawa. Ranar wasa kuwa ba a bukatar katako ko labule na musamman. A ari babbar riga ɗaya, a kafa ta da sanda a gaban allo, yara biyu su shige ƙarƙashi.