Haiku: Waƙar Ɗango Uku Daga Japan, da Abin da Take Nema a Wajen Marubucin Fagge da Sabon Gari

Haiku gajeriyar waƙa ce da ta samo asali daga ƙasar Japan, wadda ake iya karanta ta cikin numfashi ɗaya. A harsunan da suka are ta, akan rubuta ta cikin ɗango uku. Ba ta da amsa-amo, ba ta buɗewa da yabon farawa, ba ta kuma rufewa da sunan mawallafi kamar yadda rubutacciyar waƙar Hausa ta saba. Aikinta shi ne ta kama wani abu guda da ido ya gani, a wani lokaci na shekara, ta ajiye shi gaban mai karatu ba tare da sharhi ba.

Akasarin waɗanda suka ji labarinta a nan sun san ta ne da ƙirgen gaɓoɓi: biyar, bakwai, biyar. Ƙirgen yana nan, amma shi ne mafi sauƙi cikin sharuɗɗanta. Mafi wuya shi ne sanin yanayin garin da mutum yake zaune a cikinsa.

Asalinta

Da farko haiku ba waƙa ce mai zaman kanta ba. Baitin buɗewa ce ta wata doguwar waƙar karɓa-karɓa da mawaƙa kan taru su tsara tare, kowa ya ɗora baitinsa a kan na ɗan'uwansa. Ana kiran baitin farkon hokku, kuma al'ada ta ɗora masa nauyin nuna lokacin da aka yi zaman. Matsuo Basho (1644–1694) ne ya ɗaga darajar wannan baiti, musamman a littafin da ya rubuta kan tafiyar da ya yi zuwa arewacin Japan a 1689. Bayansa aka yi Yosa Buson, wanda mai zane ne, da Kobayashi Issa, wanda ya yi fice wajen waƙe ƙwari da ƙananan halittu.

Wanda ya yanke baitin daga jikin doguwar waƙar, ya kuma yaɗa sunan haiku, shi ne Masaoka Shiki (1867–1902). Shiki ɗan jarida ne. Ya yi aiki da jaridar Nippon, har ya je China a matsayin wakilin yaƙi a 1895, kafin tarin fuka ya kashe shi yana da shekara 34. Koyarwarsa ita ce mawaƙi ya zana abin da ke gabansa kamar yadda yake. Duk wanda edita ya taɓa dawo masa da rahoto da tambayar "ka gani da idonka, ko gaya maka aka yi?" zai gane daga ina wannan koyarwa ta fito.

Ƙirge, da inda Hausa ta fi Turanci kusa da Japananci

Japanawa ba gaɓa suke ƙirgawa ba. Bugun sauti suke ƙirgawa, wanda suke kira on. Dogon wasali bugu biyu ne, baƙin da ya rufe gaɓa ma bugu ne. Shi ya sa sunan Tokyo, mai gaɓa biyu, yake da bugu huɗu a wajensu. Da haiku ta shiga Turanci aka mayar da bugun gaɓa, sai waƙar ta yi tsawo fiye da asalinta. Saboda haka mawaƙa da yawa a Turanci suka daina bin ƙirgen, suka tsaya ga gajeren ɗango, dogo, gajere.

Bahaushe ba baƙon wannan awo ba ne. Karin rubutacciyar waƙar Hausa, wanda aka gina bisa arulin Larabci, ya dogara ne ga bambancin gajeriyar gaɓa da doguwa. A kalmar Fagge, gaɓar farko doguwa ce, ta biyu gajeriya: bugu uku ke nan. Kalmar damina kuwa, doguwa ce, gajeriya, doguwa: bugu biyar cif. Wato idan aka bi awon Japanawa, kalmar damina ita kaɗai ta cika ɗangon farko. Marubuci yana da zaɓi: ya ƙirga bugu, ya sami waƙa matsattsiya ƙwarai, ko ya ƙirga gaɓa, ya sami sarari. Ga wadda na gwada da ƙirgen gaɓa biyar, bakwai, biyar:

Hazon asuba —
ɗan dako ya rungume
dilar atamfa

Layin da ke ƙarshen ɗangon farko yana tsaye ne a madadin sharaɗi na biyu, wato yanka. A Japananci akwai ƙananan kalmomi da ake kira kireji, waɗanda ke raba waƙar gida biyu domin hoto biyu su fuskanci juna. Turanci ba shi da irinsu, sai ya koma ga alamomin rubutu. Hausa tana da dai, da fa, da kam, tana kuma da amsa-kama irin su tsit da fes da zau, waɗanda kowace ɗaya kan ɗauke aikin jimla guda.

Kalmar yanayi

Sharaɗi na uku shi ne kigo, kalmar da ke nuna lokacin shekara. Japanawa sun tattara dubban irin waɗannan kalmomi cikin kundaye da ake kira saijiki, an kasa su zuwa lokutansu huɗu da kuma sabuwar shekara. Yarjejeniya ce tsakanin mawaƙi da mai karatu: idan aka ambaci wata kawai, lokacin kakarsu ake nufi, idan aka ambaci kwaɗo, lokacin tohon furanni ne, bayan sanyi.

A nan ne mai kwaikwayo yake zamewa. Kwaɗon Kano ba ya kuka sai damina ta zauna. Wanda ya ɗauki kundin Japan ya rubuta dusar ƙanƙara yana zaune a Titin Faransa, ya rubuta abin da bai gani ba. Lokutanmu huɗu ne, damina da kaka da hunturu da bazara, kuma a cikinsu akwai ƙananan rabe-rabe da manomi ya sani, kamar marka, lokacin da ruwa kan yini yana zuba a watan Agusta, da agazari, zafin da ke zuwa a ƙarshen damina. A karkara alamomin a bayyane suke: zuwan shamuwa, fitowar shinge bayan ruwa, tumun sabon gero. Gawo ma ya isa darasi, domin yakan kaɗe ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani. Mawaƙin da ya ce gawo ya yi ganye ya riga ya faɗi lokacin, ba sai ya ambaci sunansa ba.

Fagge da Sabon Gari kuwa ba gonaki ba ne. Fagge ta taso ne a wajen ganuwa a matsayin zangon fatake, Sabon Gari kuma aka kafa ta domin baƙin da suka biyo jirgin ƙasa bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Unguwanni ne na ciniki, kuma a irin wannan wuri yanayi ta kan tire da baro yake shigowa. Mai son sanin lokaci ya dubi abin da ake tallarsa. Idan gasasshiyar masara ta cika bakin titi, damina ta yi nisa. Dafaffiyar gyaɗa tana nuna kaka ta kawo kai. Idan masu gwanjo suka baje rigunan sanyi, man shafawa ya yi kasuwa saboda kaushi da faso, masu shayi suka cika da mutane tun kafin gari ya waye, hunturu ne. Mangwaro da ƙanƙara da tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida cikin dare na bazara ne, lokacin da zafin Afrilu kan kai maki 40 a ma'aunin zafi. Hatta abin da ba a so yana da lokacinsa: hazon da kan hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, sanƙarau da zafi, sauro da ruwa, kwatamin da ke tumbatsa har ruwa ya shiga shaguna kamar yadda ya faru a Kantin Kwari a daminar 2022.

Ruwan farko —
tela ya tsayar da keke
yana shaƙar ƙasa

Ba a ambaci Fagge a ciki ba, amma wanda ya san layukan teloli na unguwar, ya kuma san ƙamshin da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya taɓa ta, ya san inda yake tsaye.

Kalanda biyu a gari ɗaya

Akwai wata matsala da kundin Japan bai tanadi amsarta ba. A can kusan kowane biki yana da mazauninsa a cikin lokutan shekara. A Kano, azumi da Sallah suna bin kalandar wata, wadda ke gaza ta rana da kimanin kwana 11 kowace shekara. Azumin 2011 ya faɗo cikin Agusta, tsakiyar marka. Na 2024 ya fara a Maris, ya ƙare a Afrilu, cikin tsananin bazara. Sai an yi wajen shekara 33 kafin ya zagayo inda ya taso. Don haka kalmar azumi ita kaɗai ba ta gaya wa mai karatu ko ana sanyi ko ana zafi, alhali ƙishin mai azumin Afrilu daban yake da na mai azumin Disamba. A ganina, kundin Kano zai buƙaci babi na daban ga waɗannan lokuta masu yawo, kamar yadda Japanawa suka ware wa sabuwar shekara nata babin.

A tsallaken titi kuwa, bukukuwan Sabon Gari a kafe suke. Kirsimeti kullum cikin hunturu take, Ista kullum cikin bazara. A makonnin ƙarshe na Disamba manyan motoci kan yi lodi a tashar New Road zuwa kudu, layuka da yawa su yi shiru.

Motocin Kirsimeti sun tashi —
ƙura ta kwanta
a kan kwaɗon shago

A Afirka

Ba mu ne farkon masu fuskantar wannan tambaya ba. A Kenya, ƙungiyoyin ɗalibai a unguwar Kayole ta Nairobi sun taimaka wajen tara kundin kalmomin yanayi na ƙasarsu, bisa lokutan ruwa da na rani da suka sani. A 2015, Adjei Agyei-Baah na Ghana da Emmanuel Jessie Kalusian na Najeriya suka kafa ƙungiyar Africa Haiku Network, wadda ta fara fitar da mujallar The Mamba a 2016. Agyei-Baah, wanda ya rasu a 2023, shi ya ƙirƙiro kalmar Afriku domin haikun da ta ɗauki hotunanta daga nahiyar, ya kuma wallafa nasa da Turanci da harshen Twi.

Abin da ya fi wuya ga marubucin Hausa

Waƙe yanayi ba sabon abu ba ne a adabinmu; Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali shaida ce. Taƙaita magana ma gadonmu ne, daga karin magana zuwa kacici-kacici zuwa rubutun bayan Adaidaita Sahu. Sai dai rubutacciyar waƙarmu ta girma ne a hannun malamai, da wa'azi da faɗakarwa, irin su Imfiraji ta Aliyu Namangi. Hannunmu ya saba da cewa bayan hoto sai darasi. Karin magana ma hukunci take yankewa.

Haiku ba ta ba da wannan dama. A waƙar ɗan dako da ke sama, abin da ya fara zo mini a ɗango na uku shi ne in ce talaka yana ɗaukar suturar da ba zai saka ba. Gaskiya ce, amma ra'ayina ne, ba abin da na gani ba. Abin da ido ke gani a irin wannan asuba shi ne hazo, da mutum, da dila, da yadda ya manna ƙirjinsa a jikinta. Da na cire ra'ayin, sai ya rage gaɓa biyar da zan cike, kuma dilar atamfa ta shiga daidai.